Idon Dillali a Karar Wudil

Yawancin mutanen Kano ta tagar mota suka san Wudil. Mai zuwa Dutse ko Azare ko Maiduguri, da mai bin hanyar Birnin Kudu ya nufi Bauci, duk sai sun hau gadar nan. Direba ya rage gudu, masu tallar soyayyen kifi da rake da ruwan leda su yo caa a kan mota, a miƙo hannu a saya, a ƙara gaba. Ka tambayi mutum ko ya san Wudil, sai ya ce, “Haba, Wudil ɗin me!” alhali in ba alwala ce ta matsa masa ba, ƙafarsa ba ta taɓa taka ƙasar garin ba. Ni wannan karon sauka na zo yi. Na zaɓi yammacin wata Alhamis cikin hunturu, don in kwana a can in ga yadda Juma'ar garin take farawa, tunda Juma'a ce ranar kasuwar Wudil, kuma karar shanunta tana cikin manyan da ake ji da su a Nijeriya.

Tafiyar ba nisa, kilomita 40 ne da 'yan kai daga birni. Ka bar Hotoro, ka ratsa Mariri inda ake sauke huhunan goro, sai Gano, sai Makole mai kasuwar Lahadi, sai Garin Dau, daga nan ka fara jin iskar kogi. Tun 2006 aka ba da kwangilar mayar da hanyar Kano zuwa Maiduguri tagwaye, aikin ya yi ta jan ƙafa har yaran da aka haifa a shekarar suka isa jefa ƙuri'a, direbobi kuwa sun daɗe da mayar da shi abin barkwanci. Ranar dai motocin da muke wucewa ne suka ɗauke mini hankali: akori-kura ɗauke da shanu biyu ko uku, kanta cike maƙil, har da wani mai a-daidaita-sahu da ya cusa maraƙi a kujerar baya, shi da yaronsa suka matse a gaba.

Garin ya girmi gadarsa nesa ba kusa ba. Ƙasar Jobawa ce, Fulanin da Malam Bakatsine ya jagoranta lokacin jihadi a farkon ƙarni na 19, kuma Utai, tushensu, tana nan cikin ƙaramar hukumar. Daga gidansu ake naɗa Makaman Kano, ɗaya daga cikin masu zaɓen sarki, wanda aka daɗe da sanin hakimcin Wudil a hannunsa. Wato zaman wurin da shanu da masu shanu ba na jiya ba ne.

Wani abokina da ke koyarwa a garin shi ya sauke ni. Maƙwabcinsa dillali ne, dattijo mai furfura a gemu da kowa ke ce wa Baba, wanda ya ce tun yana riƙe wa mahaifinsa igiya yake shiga kara. Bayan isha'i abokin nawa ya roƙe shi ya tafi da ni in gari ya waye. Baba ya dube ni sama da ƙasa, idonsa ya tsaya a kan sawuna, ya ce, “Malam, in da wannan takalmin za ka, to ku yi bankwana tun yanzu.” Da safe ya aiko yaro da takalmin roba.

Tun daga nesa ƙura take fara tarbarka, ta haɗu da hazo har ba ka hango ƙarshen filin, sai kukan shanu da ihun 'yan kora da ƙarar tireloli masu ja da baya. Ciki kuwa sai wanda ya gani. Ga farare, bunaji, masu baƙin hanci da baƙin kunne; ga jajayen rahaji na Bororo masu ƙahonin da tun daga nesa kake kauce musu; ga bokoloji na ƙasar Sakkwato, guntun ƙaho da faɗin jiki; ga wasu zabga-zabgan shanu na gabas, daga Barno da Yobe har Cadi. Taku goma za ka yi ka ji Hausa da Fulatanci da Barbarci da Yarbanci da harshen Ibo da Turancin kasuwa, kowa yana ɗaga murya don ya rinjayi saniya.

Abin da na fara lura da shi shi ne ban ga sikeli ba. Dukiyar miliyoyin naira tana sauya hannu, kuma abin da ake saye a zahiri nama ne, wanda kilo-kilo ko kashi-kashi za a ƙarar da shi a Legas ko Fatakwal, amma ba wanda ya auna komai. Ido ne kawai da tafin hannu.

Wani falke mai lodin Ibadan ya kira Baba ya duba masa wani farin sa, ƙato, jikinsa har sheƙi yake, irin wanda baƙo zai ɗauka shi ne sarkin kasuwa. Baba bai ce uffan ba. Ya zagaya shi a hankali, hannuwansa a baya. Ya dafa tozo ya girgiza. Ya sa yatsu ya matsa gindin wutsiya, ya shafa awaza, ya tsuguna ya leƙa ƙasan ciki da kofato. Ya ce wa yaron da ke riƙe da igiya ya ja shi ya ɗan taka, ya bi ƙafafun baya da kallo. Sannan aka kama hanci aka buɗe baki, ya ƙirga haƙora. Duk wannan kafin ka gama cin goro guda an gama. Ya ja falken gefe, ni ma na matsa, ya ce ƙasa-ƙasa, “Alhaji, rabin abin da kake gani ruwa ne. Kanwa aka ba shi ya kwana yana sha. Kafin ku kai Jebba cikin nan ya zube.” Ya ɗaga haɓa ya nuna wani sa can gefe, jiki duk ƙura, ba wani kwarjini. “Wancan ne nama.”

Mai san wani Bafulatani ne siriri, da malafa, ya harɗe ƙafa ya jingina da sandarsa kamar ba shi ya kawo dabba kasuwa ba. Baba ya gaishe shi da Fulatanci, suka daɗe suna tambayar gida da shanu da sanyi, sannan ya juya ya ce, “Taya, Alhaji.” Falke ya taya. Bafulatani ko kallonsa bai yi ba ya ce, “Albarka.” Aka ƙara, albarka. Falke ya kaɗa riga ya juya zai tafi, Baba ya riƙo hannun rigar. Ya koma wajen mai sa ya yi masa raɗa, ya dawo wajen falke ya yi masa tasa raɗar, ya yi ta safa da marwa tsakanin mutum biyu da taku huɗu ne ya raba su. Can sai ya kamo hannun wannan ya sa cikin na wancan, ya ce, “Baffa, ka sallama.” Baffa ya yi shiru, ya dubi sansa, ya ce, “Na sallama. Allah ya ba da riba.” La'adar da Baba ya karɓa ba ta sasanta farashi kaɗai ba ce. Shi ne shaidar cewa san ba na sata ba ne, ya san mai shi, ya san rugarsu. A shekarun nan da satar shanu ta addabi dazukan Zamfara da Katsina da Kaduna, har da Falgore a nan Kano, wannan shaida ta fi takardar rasit nauyi, don in magana ta taso wuyan dillali ake fara kamawa.

Da muka sami inuwa na ce, “Baba, wa ya koya maka wannan kallo?” Ya ce, “Wuƙa.” Ya ga ban gane ba, sai ya yi bayani. Yana yaro, in mahaifinsa ya sayar wa mahaucin gari dabba, sai ya tambaye shi me ya gani a jikinta, kitse nawa, nama yaya. In ya faɗa, sai ya tura shi kwata ya tsaya a yanka a feɗe a gabansa, ya dawo ya faɗi abin da ya tarar. Haka ya yi ta yi shekara da shekaru, har abin da ke ƙarƙashin fata ya daina ɓoye masa. “Yanzu kuma waya ce,” in ji shi. “Kwana uku za a kira ni daga Ibadan. In na ce nama ne aka yanka aka ga ruwa, Juma'a mai zuwa Alhajin nan ba zai zage ni ba. Zai gaishe ni ma, har ya tambayi iyali. Amma wani zai nema.”

Maganar nan ta tsaya mini a rai, don ni sana'ata rubutu ce, kuma na daɗe ina jin akwai abin da ya ɓace a cikinta. Gwanintar Baba ba yawan shekaru ne kaɗai ya kawo ta ba. Akwai waɗanda suka tsufa a kara ba abin da suka ƙware a kai sai surutu. Abin da ya wasa idonsa shi ne duk hukuncin da ya yanke akwai abin da zai gaskata shi ko ya ƙaryata shi nan da kwana uku, kuma ƙaryatawar daga aljihunsa take ci. Mu fa? Ka rubuta labari da dare, ka ɗora a Facebook ko ka tura zauren WhatsApp, kafin barci ya ɗauke ka an jero maka “Masha Allah” da “Allah ya ƙara basira” da “muna jiran ci gaba”. Wanda ya karanta da wanda ya ga tsawon abin ya tsallake, duk addu'a ɗaya suke yi. Wanda ya gane cewa labarin ruwa ne ba zai faɗa ba, don kada a ce hassada ce, ga shi kuma mu mutane ne masu alkunya. Sai mutum ya shekara goma yana rubutu bai taɓa jin an ce masa sakin layi kaza bai yi ba. Ta ina zai gyaru?

Da can akwai mai faɗa. Littattafan da suka fito daga gasar 1933, irin su Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, sai da suka bi ta hannun Rupert East a Zariya, ya tace, ya yanke abin da ya ga bai zauna ba. Zamanin adabin kasuwar Kano kuma, daga tsakiyar shekarun 1980, babu edita, amma akwai alƙalin da ya fi edita zafi, wato aljihun mai karatu. Marubuci ya buga da kuɗinsa ya kai wa 'yan littattafai a kasuwa. In littafi na ɗaya bai kama ba, na biyu sai ya zauna a shago har gara ta ci. In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, da ya fito a 1991, samari da 'yan mata ne suka ciro kuɗinsu suka saya, suka yi ta ara wa juna har bango ya fita. Irin wannan shaidar ba a samunta da roƙo.

Kada a ɗauka kukan a dawo da jiya nake yi. Waya ta buɗe ƙofa ga ɗimbin mata da ke rubutu daga cikin ɗakunansu, waɗanda a da ba su da hanyar zuwa maɗaba'a, kuma gasar Hikayata da sashen Hausa na BBC ya fara a 2016 ta nuna irin baiwar da ke kulle a gidaje. Wasunsu ma kai tsaye suke sayar da labari, mai karatu ya tura kuɗi a sa shi a zaure. Su waɗannan sun fi mu kusa da wuƙa, don in labari ya yi sanyi, littafi na gaba ba mai biya. Damuwata tana kan sauranmu, marubuta da masu waƙa da masu sharhi a kan komai da komai, da muke kwana muna tashi a kan yabon da ko kwabo bai ci wa mai yinsa ba. Mutum ya yi sharhi yau cewa abu kaza zai faru, gobe akasinsa ya faru, jibi ya fito da sabon sharhi, mabiyansa suna nan ba wanda ya ragu. A kara da tuni an daina gaishe shi da “Baba”.

Ita ma karar waya ta shige ta kane-kane. Na ga wani saurayi yana zagaya bijimi da wayarsa a ɗage, yana nuna wa maigidansa da ke Anaca ta kiran bidiyo, maigidan yana cewa a juya masa ta baya. Masu POS sun kafa lemominsu a bakin shiga, kuma manyan cinikai da yawa sai an ji shigar alat ake sakin igiya. Baba ya ce a farkon 2023, lokacin canjin kuɗi da takardun naira suka yi ɓatan dabo, sun ga tashin hankali. Makiyayi ya taho da sansa daga ruga, ba shi da asusun banki, ba ya karɓar komai sai tsaba, mai saye kuma kuɗinsa na cikin waya. Wasu suka koma da dabbobinsu, wasu suka karyar don su sami na hatsi. Shi da ire-irensa sai suka zama bankin Fulani: a tura kuɗi asusunsu, su bi a hankali su nemo tsaba su biya. Sabon abin da ya zo, a kan tsohuwar amana ya hau. Shi ma mai kallon bidiyo daga Anaca, da ya gama kallonsa, cewa ya yi a miƙa wa dillalinsa wayar.

Ba duk shanun ne na ruga ba. Da yawa na turke ne, mutum ya sayi ramamme bayan kaka ya ɗaure a gida, ya yi ta ɗura masa dusa da harawa da ƙaiƙayi wata da watanni. Malaman makaranta suna yi, matan aure suna yi da kuɗin adashi, a ba ɗa ko ƙane ya kai kasuwa. Za ka gane su daga yadda suke tsayawa kusa da dabbar, suna share mata ƙura da hannun riga.

Da rana ta take aka yi kiran sallah, kara ta ɗan lafa, aka bar yara da igiyoyi. Bayan an sauko na sha fura da nono mai kauri a gindin wata bishiya, na koma wajen 'yan lodi. Nan ma wani ilimin ne. A ja tirela ta manna baya da tudun lodi, a shigo da shanu ɗaya bayan ɗaya, a kwantar, a ɗaure ƙaho da ƙarfen mota, a lura kada wani ya danne wuyan wani, manya a nan, ƙanana a can. Sannan masu rakiya su hau kan katakon da aka gicciya a sama, su da buhunan kayansu, su yi tafiyar da ta haura kilomita 1,000 zuwa Legas, rana da sanyi a kansu, suna saukowa lokaci-lokaci su duba wadda numfashinta ya sauya. In lodi ya ɓaci, sai dai a yanka a hanya a sayar da asara. Yawancin masu cin naman ba su san da waɗannan mutane ba, sai a ƙarshen Fabrairun 2021, da ƙungiyar fataken abinci da dabbobi ta dakatar da kai kaya kudu bayan rikicin kasuwar Shasha a Ibadan. Kwanaki kaɗan aka yi, nama da tumatir suka yi tashin gwauron zabo a Legas, aka koma teburin sulhu.

Da la'asar na gangara bakin kogi. Ruwan nan da muke kira kogin Wudil, kogin Kano ne da na Calawa suka haɗe kafin su iso garin, daga nan ya miƙa Haɗeja, ya bazu cikin fadamun Haɗeja da Nguru, abin da ya rage ya bi Komadugu Yobe ya nufi tafkin Cadi. Dattawa sun san lokacin da yake ƙafewa da rani ya bar rairayi. Madatsar Tiga da aka gama a 1974, aikin da aka faro zamanin Audu Bako, da ta Calawa ta wajen Ƙaraye da aka gama a 1992, su suka sa yanzu ruwa ba ya yankewa. Nan sama noman rani ya samu. Can ƙasa kuwa ambaliyar damina da masunta da makiyaya suka dogara da ita ta ragu, ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa. Alherin wani gari, kukan wani.

'Yan yashi suna ta aiki a cikin sanyin nan. Mutum ya tura kwalekwale tsakiyar ruwa, ya faɗa da bokiti, ya nutse ya ciko, ya juye, ya sake nutsewa, har bakin jirgin ya kusa daidaita da ruwa, saura kamar faɗin tafin hannu. Sannan ya hau a hankali ya tuƙo da gora zuwa gaɓa, wasu su kwashe da shebur su tara, tifa ta zo ta ɗiba. Bulon gidaje da yawa a sabbin unguwannin Kano da yashin nan aka buga shi. Bokiti ɗaya in ya ƙaru a kan ƙima, jirgi da yashi da wahalar yini duk sun tafi ƙasa, don haka ba ka ganin mai ƙirgawa, amma ba ka ganin wanda ya zarce. Masu gonakin bakin ruwa dai suna ƙorafin cewa ɗibar tana cin gaɓa.

A wata gonar albasa na ga abin da ya sa na tsaya. Injin ban-ruwa ne irin na fetur da kowa ya sani, amma ga tiyo ya fito daga jikinsa ya shiga tukunyar gas ta girki. Manomin ya ce tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 fetur ya fi ƙarfinsa, sai wani bakanike a cikin gari ya sauya masa kafireta. Maƙwabcinsa kuma ya haɗa kuɗi ya sayi faifan sola. Bakaniken nan ba wanda zai kira shi mai ƙirƙira, ba za a gayyace shi taro a otal ya yi jawabi ba. Amma in ya gama aiki a gabansa ake ja igiya, ruwa ya fito ko kada ya fito, kuma manomi ba ya biyan kuɗin “an yi ƙoƙari”.

Abin mamaki, garin nan ba baƙon karatun fasaha ba ne. Rabi'u Musa Kwankwaso ya yi makarantar koyon sana'a ta Wudil yana yaro, Malam Ibrahim Shekarau kuma a kwalejin fasaha ta garin ya fara koyar da lissafi a 1978. Gwamnoni biyu ke nan a jere da suka sha ruwan wurin. A 1996 aka dawo da makarantar horar da manyan jami'an 'yan sanda mazauninta na dindindin a nan, daga baya a 2012 aka ɗaga ta ta zama mai ba da digiri. Jami'ar kimiyya da fasaha ta jihar Kano ta fara aiki a 2001 a kan hanyar Gaya, a 2022 aka sa mata sunan Aliko Dangote. Wato a gari ɗaya ga injiniyoyi da masana noma da na kwamfuta, ga kuma kara da kogi da garejin bakanike, duk tafiyar ɗan acaɓa. A jami'o'inmu baki ɗaya an saba ɗalibi ya yi aikin kammala karatu, a yi masa bango mai kauri da rubutun ruwan zinare, a ba shi maki, a jera a kanta. Ina ganin da za a ce kowane aiki sai an kai shi gaban wanda zai yi amfani da shi ya gwada, da rabinsu ba su tsallake ba, sauran rabin kuma da sun sauya garuruwa.

Ba kuma cewa nake idon Baba ya wadatar ba. Akwai cutar da sai an feɗe ake ganinta a huhu ko hanta, akwai wadda sai likitan dabbobi da na'urarsa. Bushiya, wadda ta yi wa garkunan ƙasar nan kaca-kaca a 1983, allurar rigakafi ce ta kawar da ita, har aka shelanta a 2011 cewa ta ƙare a duniya. Ba gwanin kara da ya isa ya yi wannan. Kuma rashin sikelin nan akwai wanda yake cuta. Makiyayin da ya shekara biyar yana bin sa a daji shi ne ya fi kowa rashin sanin abin da za a samu a jikinsa a Legas, kuma ba kowane dillali ne yake tsoron Allah ba. Ilimin da yake cikin kan mutum ɗaya, mai shi yana iya yin adalci da shi, yana iya yin kasuwa da shi.

Da dare muka zauna teburin mai shayi, ni da abokina da Baba, wanda ya wanke ƙura ya sa farar riga kamar ba shi ba. Tireloli suna ta wucewa ta kan gada. Kusa da mu wani saurayi, ɗalibi mai karatun kwamfuta, ya ji muna zancen sikeli sai ya sa baki. Ya ce shi abin da yake son yi ke nan, manhajar da za ka ɗauki hoton sa ta gefe da ta baya, ta lissafa maka nauyinsa. An yi irinta a wasu ƙasashe, amma da shanunsu aka horar da ita, marasa tozo. Yana magana yana zana siffar a kan tebur da ruwan shayi, idonsa har ƙyalli yake. Na tambaye shi ko ya gwada a kara. Ya ce tukuna, yana tattara hotuna daga intanet.

Baba ya kurɓi shayinsa, ya ajiye kofi. Na zaci zai yi masa dariya ko ya ce yaran zamani, sai na ji ya ce, “Samari, na'urar taka tana gane ruwa?”

“Wane ruwa, Baba?”

“To ka gani. Ka zo Juma'a da sassafe, ka nemi takalmin roba. Akwai mahaucin da nake saya wa na yankan gari. Mu tsaya a kan sa ɗaya, kai ka faɗi naka da wayarka, ni in faɗi nawa, a rubuta a ba mai shayin nan ya ajiye. Sai mu bi shi kwata, ka zo da sikelinka a auna. In ka fi ni kusa, la'adar ranar taka ce.”

Yaron ya ce, “In kuma kai ka fi kusa fa?”

“Sai ka dawo wata Juma'ar. Shanu ba sa ƙarewa.”

Mai shayi ya ce shi dai ya yarda zai riƙe takarda, amma duk wanda ya faɗi shi zai biya kuɗin ƙwai. Yaron ya ciro waya ya ce Baba ya karanto masa lambarsa.